Ranar da Na Ƙi Sauka a Kan Jinga

Shekarun baya, lokacin ina acaɓa a cikin Haɗeja, akwai wata darbejiya kusa da tasha da muke zama a gindinta muna jiran fasinja. Mu a wajenmu, mu kaɗai ne 'yan babur, sauran jama'a hawa kawai suke yi. Malamin makarantar da ke lallaɓawa da 'yar roba-robarsa ba ma ko kallonsa. 'Ya'yan alhazai masu manyan mashina masu ƙugi kuwa, cewa muke kuɗin ubansu ne ke tuƙa su. Amma waɗanda suka fi shan baƙar magana a bakinmu su ne mutanen fadama masu dakon kifi. Za ka ga mutum ya shigo gari wando a naɗe har gwiwa, taɓo ya bushe masa a ƙauri, babur duk an ɗaɗɗaure da roba, kwanduna biyu a baya, ƙarni na bin sa. Mun san in sun iso ruwa sauka suke yi su tura. Shi ya sa muke ce musu masu jan akuya.

Dokarmu ɗaya ce: ɗan babur na gaske ba ya sauke ƙafa. Yashi ne, taɓo ne, kwalbati ce ta karye, ka wuce a zaune. Wani abokina, wanda ya fi kowa baki a cikinmu, yakan ce, "Duk wanda ya sauka ya tura, ya sayar da mashin ɗin ya sayi jaki, ya huta mu huta."

Ni na fi kowa dariya in ya faɗi haka, kuma da dalili. Mahaifiyata 'yar fadama ce, aure ne ya kawo ta gari, kuma duk sun sani. In na yi wani kuskure sai su ce, "Ku ƙyale shi, kifin ne ya motsa." Babur ɗina ma na hannu ne, ya sha jiki. To mutum irina, ba boko ba jari, abin da kawai ya rage mini shi ne a ce wane ya iya tuƙi.

A ƙarshen wata damina mai ruwa da yawa, da hantsi, aka bugo waya cewa yayan mahaifiyata ya rasu a ƙauyensu. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Aka ce za a jira ta, amma kada ta wuce azahar. Ta sa hijabi, ta ƙulle goro da turare a ɗan ƙyalle, ta fito zaure. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

Ta ce, "Kai, tashi ka kai ni in ga ɗan'uwana kafin a fita da shi."

Muka bar kwalta muka hau burji, daga burji muka hau jinga, wato tudun ƙasar nan da ake yi tsakanin gonakin shinkafa don tare ruwa. In damina ta yi nisa ita ce hanya. Hagu ruwa, dama ruwa. Shinkafa sai kanta kake hangowa, wani wurin ma ko kan babu. Duk hanyar ƙarar carbinta nake ji a bayana.

Sai muka iso inda gulbi ya haura jingar. Hanya ta nutse, ba ta sake fitowa ba sai can gaba, inda in ka ƙwala kira da ƙyar a ji ka. Ruwan jawur, yana tsallake hanyar a kaikaice, ba hayaniya, sai wani irin shuuu da ba ya yankewa. A gefen da yake zuba kuwa kacala ce ta cika wurin, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsayi. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya shige ƙarƙashinta ba kasafai yake fitowa ba.

A bakin ruwan akwai babura huɗu ko biyar, duk a kashe. Masu dakon kifi ne. Na ga yadda suke yi. Su bar inji ya huce, su cusa leda a bakin salansa su ɗaure da roba, su sauke kaya su ɗora a ka. Mutum ɗaya ya shiga gaba da doguwar sanda yana caccakar ƙasa, biyu su biyo shi da babur, ɗaya a kai ɗaya a baya. Mata da tsofaffi su bi sahu suna riƙe da igiya. Babur ɗaya sai ya ci musu lokacin da zan je tasha in dawo.

Sai ga abokin nan nawa mai baki, zaune a kan mashin ɗinsa yana cin gyaɗa. Wai fasinja ya kawo.

Ya ce, "A'a! Ɗan fadama an zo gida. Sannu Inna, ya haƙuri?" Ya juyo wajena ya rage murya. "In ara maka igiyar akuya ne?"

Na ce, "Kai me ya hana ka ƙetarawa?"

"Fasinjana nan ya ce in sauke shi."

Ban tsaya na auna wannan amsar ba. Da na auna.

Wani daga cikin masu kifin ya matso, dattijo-dattijo, siriri, da furfura a haɓa. Na gane shi, ya sha wucewa ta gaban darbejiyarmu muna toshe hanci. Ya gaida mahaifiyata ya yi mata ta'aziyya, don ya san gidan da aka yi rasuwar. Sannan ya ce mini, "Malam, kashe ta. Bari mu fara ƙetarar da Inna, sai mu dawo mu kama maka."

Mahaifiyata ta fara zamewa za ta sauka. Ta ce, "Kai, tsaya in sauka. A ruwan nan na yi wayo, na san halinsa."

Na ce, "Inna, lokaci. In muka bi layin nan sai la'asar. Ke dai riƙe ni."

Lokaci na faɗa da baki. Amma Allah Ya sani, ba azahar nake kallo ba, mai cin gyaɗar can nake kallo ta wutsiyar ido.

Dattijon ya nuna tsakiyar ruwa, inda aka kakkafa karan dawa a jere, kowanne da baƙar leda a ɗaure. Ya ce, "Ka ga ledojin can..."

Na ce, "Na gani." Na sa giya na murɗa totur.

Ni a kaina, an kafa su ne don nuna hanya, in bi su in fita. Ashe su mutanen fadama inda ruwa ya cinye jinga ta ƙasa suke kafa wa kara, don a kauce. Abin da zai faɗa mini ke nan na katse shi. Na saita tayata a kansu sak.

Da farko lafiya. Ruwa ya kai rabin taya, ya kai wurin taka ƙafa. Na ji ana ihu a bayana, na ɗauka jinjina ce. Wallahi haka na ɗauka. Sai ruwa ya kai mini ƙauri, mai sanyi, yana tura babur ɗin gefe kamar mutum ya jingina da shi. In ka kalli ruwa mai tafiya kana tsakiyarsa, kanka juyawa yake, ka rasa kai ne ke tafiya ko shi. Na ɗaga ido na kafe shi a kan leda ta farko. Hannun mahaifiyata ya damƙe mini riga har wuyan ya shaƙe ni. Na ji tana Innalillahi a hankali, a daidai kunnena.

Mai tafiya a ƙasa da sanda yana jin lokacin da ƙasa ta fara laushi. Taya ba ta gaya maka komai. Kawai gaban babur ya tafi ƙasa, kamar an janye tabarma. Inji ya yi wani tari ya mutu. Muka kife.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Da na ɗago kaina daga ruwa, hannuwana biyu kan babur suke riƙe da shi. Babur na fara kamawa. Ban yi shawara ba, hannun ne ya yi, amma dai hannuna ne.

Na waiga, ba kowa a bayana.

Ruwa ya kai mini ƙirji, ƙafata ɗaya a kan wani abu mai tauri, ɗayar tana lilo a rami. Ban iya ruwa ba. Ɗan 'yar fadama, ban iya ruwa ba, don na ɗauki abin ƙauyanci. Can na hango hijabinta ya baje a saman ruwa, yana juyawa a hankali, yana tafiya wajen kacala. Hijabin kawai. Ba kai, ba hannu.

Na ji wani yana kiran "Inna! Inna!" da muryar ƙaramin yaro. Sai daga baya na gane ni ne.

Na saki babur zan faɗa. Dattijon ya daka mini tsawa daga baya, "Tsaya inda kake! Kada ka ba mu aiki biyu!" Ya riga ya ɗaura igiyar kwando a ƙugu, mutum uku na riƙe da bakinta. Ya wuce ta gabana ya faɗa ramin. Ya cim ma hijabin, ya ɗaga. Babu kowa a ciki.

Ban san tsawon lokacin ba. In ka ce mini minti ɗaya ne zan yarda, in ka ce awa ne zan yarda. Abin da ke yawo a kaina shi ne, yau gawa biyu za a fitar a gidan nan, kuma ni zan shiga in gaya wa ƙannena. Da wane baki? In ce musu wani yana cin gyaɗa ne ya zolaye ni?

Sai wata mata a bakin ruwa ta ƙwala, "Ga ta can! Ga hannu can!"

A bakin kacalar, can ƙasa da inda muke dubawa. Ashe da ta ji hijabin ya naɗe mata fuska yana jan ta, ita da kanta ta tuɓe shi a cikin ruwa, ta bar ruwan ya kai ta, ta cafki ciyawar da hannu biyu. Fuskarta kaɗai ke waje, tana nutsewa tana fitowa. Igiyar ba ta kai ba. Sai da suka kwance robar wani babur suka ƙulla, dattijon yana ce mata, "Riƙe, Inna, kada ki saki, ga ni nan." Yana kama ta, ciyawar ta tsinke a hannunta.

Suka jawo su, suka ƙetarar da su tsallaken can. Ni ma wani ya miƙo mini sanda ya ja ni kamar buhu. Mata suka kewaye ta, wata ta kwance mayafinta ta rufe mata kai. Ta yi ta aman ruwa. Tafin hannayenta duk kacala ta yayyanka, jini na bin yatsu. Na durƙusa a gefe, na kasa matsawa kusa.

Da ta samu numfashi, abin da ta fara cewa shi ne, "An yi azahar?"

Rana ta riga ta karkata.

Na duba ɗaya tsallaken. Abokina ba ya nan, ko ƙurarsa.

Dattijon ya sauke kwandunansa, ya shimfiɗa buhu a inda suke, ya ɗauke ta a babur ɗinsa, wanda dama yake wannan tsallaken. Kafin ya tayar ya dube ni ya ce, "Wai mahaifiyarka ce?" Na ce eh. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce wa sauran, "Ku ciro masa mashin ɗinsa," ya ja suka tafi.

Suka ciro shi da igiya, suka cire fulogi, suka kifa shi ruwa ya yi ta zuba. Bai tashi ba. Haka na tura shi har ƙauyen, takalmi ɗaya a ƙafa. Na tarar an dawo daga maƙabarta tuni. Sun jira ta har inda za su iya, suka fita da shi. Ba ta gan shi ba.

A gidan kowa na tambayar me ya faru. Ina daga zaure na ji muryarta a cikin mata tana cewa, "Santsi ne. Ruwan bana ba dama." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ranar da kuma bayanta.

Na koma gindin darbejiya bayan sati biyu, don ciki ba ya jira. Abokina ya ce ai ya tafi neman taimako ne. Na ce Allah Ya saka. Har yanzu muna gaisawa. Ban riƙe shi ba, ba shi ya murɗa totur ba.

Yanzu in na ji yara suna gardamar wane ne ɗan babur na gaske, wannan ya ce mai gudu, wancan ya ce mai ɗaga taya, ba na sa baki, na gaji. In ka matsa mini zan ce maka wanda ya sauke abin da ya ɗauko lafiya, ko mutum ko kifi. Ban san wani abu bayan wannan ba. Tsoron kuwa bai tafi ba. Ko kwata ce ta cika ta haura titi a cikin gari, sai na miƙa hannu baya na taɓa gwiwar fasinja in tabbatar yana nan. Wasu har su ce, "Malam, lafiya?"

Mahaifiyata ta yi shekara tara bayan wannan. Ba ta taɓa yi mini gori ba. In maƙwabta suna neman mai kai su unguwa, ita ke cewa a kira ni, wai na iya tuƙi. Amma ita ba ta sake hawa bayana ba. Kullum da dalilinta: yau ƙafa, gobe zanin bai dace ba, jibi tana son ta taka ta motsa jini.

Ranar da ciwonta na ƙarshe ya tashi, ni kaɗai ne namiji a gida. Babur na ƙofar zaure, da mai a ciki, asibiti ba nisa. Na riƙo ta muka fito, tana numfashi da ƙyar. Na ce, "Inna, a hankali zan tafi. Wallahi a hankali."

Ta dubi babur ɗin, ta dafa bango.

Ta ce, "Na sani. Nemo mana adaidaita dai."

Na zaunar da ita a dakali, na fita bakin titi na tsaya cikin rana ina ɗaga hannu, makulli na cikin aljihuna.