Ranar da Na Haɗiye Fitona

A garinmu, can bayan Dangora, idan an gama girbin dawa sai a share gonar da ta fi tsawo a yi sukuwa. Ba wani abin a zo a gani ake ci ba, rawani ne da ƙwaryar goro, amma wallahi da zafi muke ɗaukar abin. Ni na fara hawa tun gemuna bai fito ba, kuma tun da na sayi akawal ɗina, baƙin dokin nan mai farin goshi, rawanin bai ƙara kwana a gidan kowa ba sai nawa.

To, samari suka gaji. Ɗan maƙwabcina, mai gyaran babur a Kwanar Dangora, shi ya tsaya gaban dattawa ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma wannan ba gasa ba ce. Ka san doki tun ba a haife mu ba. Ka koma cikin 'yan kallo mana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kai, ɗan nan! Ni da na fara ɗora ka a sirdi kana kuka da majina?" Aka kwashe da dariya, amma na ga wasu dattawan suna gyaɗa masa kai. Ni kuwa in aka raba ni da sukuwa ban san abin da zan riƙa jira a shekara ba.

Limaminmu ne ya raba gardama. Ya ce a yi musaya, yaron ya hau akawal, ni in hau nasa. In an ga adalci a wurina in ci gaba da hawa, in ba a gani ba na sauka ke nan. Wani ya ce, "Malam, ai dokin nan da fito yake tsayar da shi." Gaskiya ne, kowa ya sani. Ko yana tsakiyar gudu, da ya ji fitona sai ya yi zamiya ya tsaya cik. Liman ya dube ni ya ce, "Ai shi ya sa."

Dokin yaron wani kili ne mai tumbi, ya fi sanin dusa a kan gudu. Amma hannu ai hannu ne. Aka sake mu, na lallaɓa shi, na matse shi a inda ya dace, sai ga mu muna wuce mutane ɗaya bayan ɗaya har ya rage akawal kaɗai a gabana. Muna dab da ƙarshen gona na ji leɓena ya tsuke da kansa. Fito guda, rawani nawa ne, yaron kuwa sai dai a tsince shi a cikin kara. Kuma ga akawal ya juyo da kunne ɗaya baya, ni yake saurare. Wannan kunnen ya fi komai yi mini ciwo. Na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jini.

Yaron ne ya ci. Ya sauko, ya zo ya durƙusa da rawanin a hannu. Ya ce, "Baba, tun da muka tashi nake kallon kunnen nan ina salati." Na ce, "Tashi ka naɗa abinka, ja'iri. Badi ka rage wa kilin nan dusa." Liman ya wuce ta gefena ya ce, "Allah ya kai mu badin."

Har yau ina hawa, kuma musayar ta zauna, duk tsohon hannu sai ya ba da dokinsa. Wata shekara in ci, wata shekara a ci ni, goron dai tare muke ci, kuma ya fi mini daɗi haka.

A ranar, da la'asar sakaliya, na kai wa akawal harawa a turke. Na tsaya daga bakin zaure na yi masa fiton da na haɗiye. Ya ɗago kai ya dube ni, kamar ya ce, sai yanzu?