Kunun Da Na Kai Wa 'Yan Gayya

Edita, ina gaisuwa. A shekarun da suka biyo bayan tashin hankalin da aka yi a Kafanchan, ni mace ce mai ɗan lambun dashe a bayan gidanmu, kusa da layin dogo. Mijina ma'aikacin reluwe ne, ni kuma ina rainon mangwaro da lemo da gwaiba da fulawa a cikin baƙar leda, ina sayar wa makarantu da majami'u da masu sabon gini. Karatuna bai wuce firamare ba. Halina kowa ya san shi: idan ganye ɗaya ya canja launi, ranar abinci ba ya shiga cikina. A zumuntar matan majami'armu suna tsokanata cewa ko a sama sai na tambayi mala'iku ko sun kulle ƙofa.

Wahalar sana'ar nan ita ce cika leda. Sai an haƙo baƙar ƙasa a fadama, a gauraya da taki, a tankaɗe, a ɗura. Ana nan wani ɗan kwangila mai yawan fara'a ya soma kawo mini ledoji a cike, da arahar da ta ba ni tsoro. Na tambaye shi yadda yake yi. Ya yi dariya, ya ce Mama mai fulawa ta cika bincike, ai gayya ce, mutanen wani ƙauye ta hanyar Zonkwa ke taya shi. Na yarda, domin da gayya na tashi, da ita muke huɗar citta a gida.

Sai wata damuwa ta kama ni. A wurinmu, wanda aka yi wa gayya shi ke ciyar da mutane. Ledojin nan lambuna suke zuwa, ke nan ni ake yi wa aikin, ga shi ko ruwa ban taɓa ba su ba. Da na faɗa masa, ya ce kada in wahalar da kaina, hanyar ba kyau. Ban ji ba. Wata Asabar na dama kunun dawa da citta, na cika jarka, na hau bas, daga nan mai babur ya bi da ni sawun motar ɗan kwangilar har fadamar.

Tun daga nesa na kasa kunne. Gayya ba ta ɓuya: akwai kiɗa, akwai waƙa, akwai mata suna zolayar wanda aka bari a baya. Nan shiru. Maza ne durƙushe cikin taki, ba mai takalmi, ƙafafunsu duk sun tsage. Na gaishe su da yarenmu, ba wanda ya amsa. Na ce da Hausa sannunku da gayya. Wani dattijo ya ɗago, ya kira ni Inna cikin ladabi, ya tambaya wace gayya nake nufi.

Mai gadinsu ya tafi cikin ƙauye sayen taba, shi ya sa dattijon ya samu bakin magana. Daga can arewa mai nisa suka zo a jirgin ƙasa neman aikin rani. A tasha ɗan kwangilar nan ya tare su, ya ce zai sa su aikin reluwe. Ya kawo su dajin nan, ya karɓe takalmansu da ƙunshin kayansu wai ajiya, yana kulle su a ɗakin kwano idan an tashi, lada kuwa kullum sai gobe. Kuma ya gaya musu har yanzu gari bai kwanta ba, duk baƙo irinsu da ya taka hanya, mutanen ƙauye za su kashe shi. Dattijon ya ce ruwa ya kusa sauka a garinsu, ba mai yi wa iyalinsa shuka, ba su ma san yana raye ba. Sa'an nan ya rage murya ya tambaye ni ko gaskiya ne har yanzu ana yanka mutane a kasuwa. Kasuwar da na sayi dawar kunun nan a hannun 'yan'uwansa!

Edita, ban san ina da fushi ba sai ranar. Mun yi kuka a garin nan, mun sha wuya kafin mu koma gaisawa da juna, wani kuma ya ɗauki baƙin cikinmu ya ɗaure mutane da shi don ya cika leda. Mai gadi ya dawo yana zare ido, wa ya aiko ni. Na ce kunu na kawo. Ya shanye kofi, ya ce sukari bai ji ba.

Mijina ya ce in fita daga maganar, mutumin yana da manya. Na je wurin shugabar zumuntarmu, muka tafi wurin wani Alhaji mai sayar da hatsi, muka ɗunguma gidan dagacin ƙauyen. Mutanen ƙauyen a zatonsu baƙin nan 'yan ƙodago ne masu girman kai da ba sa gaisuwa. Da dagaci ya ji an ce mutanensa makasa ne, da kansa ya ɗauki gatari ya fasa ƙofar ɗakin kwanon. Mata suka tara silifas, Alhaji ya sa mazan a motar hatsinsa mai komawa arewa. Silifas ɗin mata ne ya faɗa hannun dattijon, dugadugansa a waje, ya ce ko da su zai isa gida kafin ruwa.

Ɗan kwangilar ya zo lambuna yana huci, wai shi ya ciyar da su, wai ni ba araha nake so ba? An kai ƙara, maganar ta mutu a hanya. Har yau yana zama a gaba wurin biki.

Ga masu lambu da duk mai sayen kaya a hannun wani: tambayar mai kaya ba ta isa ba, shi bakinsa a shirye yake. Ku je inda ake aikin da ƙafarku. Ku ja ma'aikaci gefe, inda ubangidansa ba ya ji, ku tambaye shi inda yake kwana, da ranar da ya ga gida rabonsa. Idan ya waiga kafin ya amsa, kada ku ɗauki ko leda ɗaya.