Gadon da Malam Ya Yi

Har yau in na shiga gidan biki a Azare sai na ga wata ta zunguri wata, wai ga matar da ta je jeren 'yarta ta fari. Eh, ni ce. Ku zunguri juna har haƙarƙarinku ya yi ciwo.

Malam, maigidana, kafinta ne. Shekara da shekaru yana yi wa 'ya'yan mutane gado, har hannunsa na dama ya fara rawa ya daina karɓar aiki. A wannan halin aka sa ranar babbar 'yarmu da wani malamin makaranta a Katagum. Muka zauna muka yanke shawara za mu yi biki daidai ƙarfinmu. Ba anko, ba ɗakin taro, ba lemon kwalba. Labule da zannuwan gado ni na ɗinka a kekena. Alkaki da dubulan na gara, ni da ƙanwata muka yi su a tsakar gida, kwana uku muna shan hayaƙi. Maƙwabciyata Babarbariya ta haɗa turaren wuta da humra, ta ce lalle ma kada mu kira kowa. Zoɓo da kunun aya za a ƙulla a leda, tabarmi kuwa unguwa ba ta rasa su ba.

Gado, Malam ya ce shi zai yi. Akwai katakon maɗaci da ya ɗora a saman rumfa tun yarinyar tana firamare. Bai taɓa cewa nata ba ne, ni ma ban taɓa tambaya ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ma faɗa. Ya aika da igiya Katagum aka auno masa ɗakin da faɗin ƙofa, aka yi ƙulli a kowane awo. Wata huɗu ya yi a kan gadon nan. Ina kallonsa ta taga, yana riƙe wuyan hannun dama da na hagu kafin ya ja zarto. In ya ga ina kallo sai ya saki, ya yi kamar ƙuda yake kora.

Saura mako ɗaya biki yayarsa ta iso daga Kano. Hajiya muke ce mata, kuma tunda ita ce gwaggo, ita ce uwar biki. Ta tsaya a gaban gadon ta taɓe baki.

"Wannan akwatin za ku kai wa 'yata? Yanzu gadon kamfani ake yayi, mai fitila a ka."

Malam ya ce, "Yaya, zai daɗe."

"Wa ya tambaye ka daɗewa? Don idon mutane ake jere."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Uwa ba ta sa baki a sha'anin 'yar fari, balle a gaban dangin miji. Haka aka tarbiyyantar da ni, ni kuma na bi kamar tunkiya.

Ranar Alhamis aka loda kaya a akori-kura. Malam da kansa ya naɗe allunan gadon da tsofaffin buhuna, ya ɗaure, ya sake dubawa. Mata suka tafi jere, Hajiya a gaba, ƙanwata a cikinsu. Ni na zauna a gida, don uwa ba ta zuwa jere.

Da safiyar Juma'a ƙanwata ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, na rasa yadda zan yi ne. Gadon Malam yana bayan ɗaki, jingine a ƙarƙashin indararo. Jiya kuma an yi ruwa."

"To me aka sa a ɗakin?"

"Hajiya ta sa an kawo wani daga Kano. Na haya ne, kwana bakwai za a zo a kwashe. Wai lokacin an gama gani, sai a shigar da na Malam."

Haya! Gadon amarya na haya! Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Mutum ya yi wata huɗu yana kokawa da hannunsa, a jefar da aikinsa a ruwa saboda matan da za su leƙa ɗaki su ci alkaki su tafi? Na ɗauki mayafi, na zari sifana a akwatin aikin Malam, na ce masa zan je in dawo. Na shiga mota a tasha. Ko gonakin gero da muke wucewa ban gani ba, maganar da zan yi nake ta juyawa.

Da na isa Katagum na yi sallama a gidan su ango. Hajiya ta fito daga ɗakin amarya tana dafe da ƙirji.

"Innalillahi! Ke? A nan? Ina kunyarki?"

"Hajiya, kunyar ce ta sa na yi shiru kika kira gadon Malam akwati. Yau na baro ta a Azare."

"Rufin asiri na yi muku! So kike a ce ƙanena ya tsiyace?"

"Ƙanenki kafinta ne, Hajiya, ba ɓarawo ba. Wane asiri gare shi da za ki rufa?"

Na wuce ta na shiga ɗakin. Ga gadon nan, sai ƙyalli, da 'yar fitilarsa. Na ƙwanƙwasa allon, ya yi ƙara kamar kwali. Gefensa duk ya goge, Allah kaɗai ya san amare nawa aka ruɗa da shi. Na durƙusa na fara kwance shi, ina kuka ina masifa, ban ma san da wa nake ba. Ƙanwata ta kama mini. Sauran matan suka tsaya cirko-cirko, har da mai cewa ita tunda take ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Na ce to yau ta gani.

Muka zagaya bayan ɗaki. Buhunan sun jiƙe sharkaf. Ina cikin kwance igiyar sai ga uwar ango, wata dattijuwar Bafulatana da ban taɓa haɗa ido da ita ba. Na ce shi ke nan, na jawo wa yarinyar gori. Sai ta shafa katakon da tafin hannu, ta koma ɗakinta ta ɗauko tsumma, ta fara goge shi.

Gadon ya shige ƙofa cif, ko bango bai taɓa ba, muka haɗa shi. Sai dai allon kai ya sha ruwa, ya yi baƙin zane daga ƙasa, katako ɗaya ya ɗan kumbura. Na jera matasai na rufe wurin. Hajiya kuwa ta sa aka kwashe nata, ta koma Kano ba ta tsaya ɗaurin aure ba. Kafin in iso Azare labari ya riga ni.

Aka yi biki da zoɓonmu da tabarminmu, babu wanda ya mutu. Bayan an watse ƙanwata ta miƙa wa Malam waya ya ga hoton ɗakin, tunda shi ba zai taɓa shiga ba. Ya sa yatsunsa masu rawa ya buɗe hoton, ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe yana kallon gefen matashi.

"Ruwa ya taɓa shi," ya ce.

Bai tambayi wa ya yi ba, kuma wannan shirun nasa ne ban yafe wa Hajiya ba har yau.

Washegari ya miƙo mini leda, da sanfefa da ɗan gwangwanin fenti a ciki.

"Tunda ke kin san hanya," ya ce. "Ki bi layin katakon a hankali, kada ki goge shi a karkace."