Ragon da Mama ta Kiwata wa Dakta Sebastian

Ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, 2009, da yamma, Allah ya ɗauki ran abokina Dakta Sebastian, likitan dabbobi a Samaru. Da rana muna tare a gidan mahaifiyarsa a Palladan, ana ci ana sha ana murnar dawowarsa daga Amurka. Kafin rana ta faɗi an rufe shi da mayafi. Har yanzu da nake rubutu zuciyata ba ta yarda ba tukuna.

Sebastian, tun muna firamare na san ka, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki kaska abokiyar gaba kamar kai ba. Mu abin da muka sani, in an ga kaska a jikin kare ko saniya a fizge ta, a murtsuke da farce. Kai kuwa sai ka yi tsalle kamar ka taka wuta. Ka ce a kama ta dab da fata da ɗan hantsaki, a ja a hankali don kada bakinta ya karye a ciki, a jefa ta cikin kananzir, sannan a wanke hannu. Ka ce cutar da take ɗauke da ita ta fi jinin da take sha.

Rugagen da ke bayan Samaru sun san ƙarar babur ɗinka. Kakan je ka yi wa shanu feshi, ka duba ƙarƙashin jela da hantsa, ba ka karɓar komai sai ƙwaryar nono in an matsa maka. In za ka shiga ciyawa sai ka cusa ƙafar wando cikin safa, mu kuwa mu ce ga sojan barikin Basawa ya fito fareti. Kai ne ka sa aka sassabe ciyawar filin coci, ka koya wa iyaye mata duba bayan kunnen yara in sun dawo daga wasa. Ɗiyata ta taɓa kwana da zazzaɓi muna ta ba ta maganin cizon sauro, sai da ka zo ka zaro kaska daga cikin gashinta.

Wannan aikin ne ya kai ka Amurka. Da ka dawo ka ba mu labarin wata kaskar can, wadda macenta ke da ɗigon fari guda a baya, har suke ce mata mai tauraro ɗaya. Ka ce ita ba ta jiran mutum, bin sa take yi, kuma ta cije ka ba sau ɗaya ba a dajin da kuke bincike. Tun daga nan, in ka ci jan nama, sai bayan wasu awoyi jikinka ya yi borin jini. Kaza da kifi kaɗai ke karɓar ka. Muka ɗauka sabon salon 'yan ƙasar waje ne. Wa ya taɓa jin kaska ta hana mutum cin nama?

Abin da ba ka sani ba, tun ranar da ka tafi mahaifiyarka, Mama Susanna, ta sayi ɗan rago ta ɗaure a gindin mangwaro. Dusa da harawa ba ta taɓa yanke masa ba, kuma duk wanda ya taya sai ta ce na Sebastian ne. Ranar liyafa aka yanka shi. Ebele, mai gidan abinci a Sabon Gari wadda ta taso tare da ƙannenka, ita ta dafa. Mama ta tsamo hanta da hannunta ta miƙo maka a gaban jama'a, kamar yadda ake yi wa ɗan da ya dawo daga tafiya.

Matarka Ƙauna ta taɓa hannunka. Na ji ka ce mata a hankali, “Ƙaiƙayi ne kawai, zan sha magani. Ki dubi fuskar Mama.” Ka ci, ka ƙara, ka yaba.

Bayan la'asar muna zaune muna hira sai ka fara susa. Leɓɓanka suka kumbura, muryarka ta shaƙe, numfashi ya gagara. Muka sa ka a mota. Ba mu kai asibiti da kai ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma da ɓacin rai nake faɗa. Tun ba a binne ka ba aka fara raɗa wai guba Ebele ta zuba maka. Mutum nawa suka ci daga tukunyar nan? Ni na ci, fasto ya ci, yara sun suɗe ƙashi, ga mu nan da ranmu. Amma baki ba ya jin tambaya. Teburan Ebele suka zama wayam, har aka jefi ƙofarta da dutse. Ni da Ƙauna muka rasa yadda za mu yi, domin wanke Ebele yana nufin a gaya wa tsohuwa abin da ya kashe ɗanta.

Ashe Mama ta ji abin da ka ce wa Ƙauna. Ranar Laraba ta ɗaura baƙin zanenta, ta sa na kai ta Sabon Gari. Ta zauna a bencin Ebele inda kowa zai gan ta, ta ce a zubo mata abinci. Mutane suka taru. Ta ci loma biyu da ƙyar, sannan ta ɗaga kai.

“Ku rabu da yarinyar nan, 'yata ce,” in ji ta. “Ni na kiwata ragon. Ni na ba shi da hannuna.”

Sebastian, Ubangiji ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin hutawarsa. Ya ta'azantar da Ƙauna da yaranku, da 'yan'uwanka, da abokan aikinka, da makiyayan da suka zo jana'izarka a ƙafa. Ya share wa Ebele hawayenta. Mama kuwa, Allah ya sanyaya miki zuciya. Ina wurin, na ga fuskarsa lokacin da ya karɓa daga hannunki. Murmushi yake yi.