Yayata da Ragon Layya

Da likitoci a Tamale suka tabbatar wa yayata cewa kansar nono gare ta, sai ta bar wa 'ya'yanta rumfar doyarta a Salaga ta dawo gidana a Yendi, don daga nan hanyar asibiti ta fi daɗi. Dukanmu mun ɗauka ramewa za ta yi, don abin da muka ji ana faɗa ke nan a kan ƙarin ruwan da ake kira kemo. Goggonmu ma ba ta yarda da aike ba, ta taso daga Bawku da kanta da kwandon zabbi.

Kwanakin farko bayan kowane ƙarin ruwa, ko ƙamshin miya Yaya ba ta so. Amma akwai wasu ƙwayoyi da ake haɗa mata da su, idan suka buɗe mata ciki sai dai a kawar da tukunya. Goggo na gefen tabarma da sakwara da romon zabo tana cewa, "Ci, 'yar nan, mara lafiya ba ya kunyar kwano."

Wata rana a asibiti nas ta ce wa Yaya ta hau sikeli. Yaya ta hau, ta leƙa, ta sauko. Ta cire takalmi, ta cire mayafi, ta miƙo min jakarta da carbi, ta sake hawa.

"'Yata, sikelin nan ya lalace," in ji ta. "Gashin kaina kaf ya zube, ta ina nauyi zai ƙaru?"

Nas ta yi dariya, ta ce maganin kan sa haka. Ta ce kada ta horar da kanta da yunwa, amma a rage mai da tulin sakwara, a ƙara ganye da wake, kuma ta riƙa ɗan takawa duk ranar da ta ji ƙarfi.

Goggo ta ji haushi. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin asibitin da ke ƙorafi don majinyaci ya yi kumatu ba. Sauran zabbin ita ta cinye su, wai kada a yi asara.

Takawar ce ta zama aiki. A Yendi ba a barin mutum ya yi tafiyar ƙasa. Yaya ba ta kaiwa bakin masallaci sai babur ya tsaya: "Hajiya, ke da ba ki da lafiya? Hau." Ita kuma ba ta iya ƙin alheri ba, sai a dawo min da ita ƙofar gida ko gumi ba ta yi ba.

Sai ta yi dabara. Maigidana na da ragon da yake kiwo don layya, ta ɗaura masa igiya, ta ce wanda ya ga mace da rago zai san kiwo ta fita. Dabarar ta ci, sai ranar da wani tela maƙwabcinmu ya gan su. Ya ɗaure ƙafafun ragon, ya ɗora shi a kan tankin babur ɗinsa, ya sa Yaya a baya, ya kawo su yana ta ba ni haƙuri cewa bai gan su da wuri ba.

Daga baya unguwa ta saba, aka ƙyale su. Kullum da sanyin la'asar suna fita, wani lokaci ita ke jansa, wani lokaci shi ke janta. Nauyinta ya tsaya wuri ɗaya, nas ta yaba mata.

Maigidana ne bai yaba ba. Ya tsaya yana shafa haƙarƙarin ragon, ya ce, "Yaya, dusa nake ba shi safe da yamma, amma kullum ƙara tsayi yake."

"Lafiya ce ta kama shi," in ji Yaya.

Kafin Sallah ta gama kemo, ta roƙi a bar ragon da rai. Dole maigidana ya sayo wani, ita kuma ta tafi da nata Salaga a bayan motar doya.