Shekarar da Kawu ya shiga siyasa

Ni tela ce a Dogon Dutsi, ina da ɗan shago kusa da tasha. Iyayena makiyaya ne, rugarmu tana can wajen Sukukutane, kuma mutumin da nake kira Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ba sai na faɗi sunansa ba. A wancan lokaci duk wanda ya hau kabu-kabu ko ya zauna wurin mai shayi a ƙasar Arewa ya san muryarsa. Mawaƙi ne mai gurmi, kuma waƙoƙinsa kusan duk wuri ɗaya suke zuwa: zamani ya lalace, yaro ya daina durƙusa wa babba, samari sun bar gona da garke sun tafi ci-rani, mata sun cika kasuwa. Dattawa suna sonsa ƙwarai. Samari suna yi masa dariya, amma sun haddace waƙoƙin tsaf.

Bayan kaka, da zaɓe ya matso, mutanen wata jam'iyya suka zo masa. Suka ce ra'ayinsu ɗaya da nasa, su ma tarbiyyar kakanni suke so a dawo da ita. Za su sa shi cikin masu neman kujerar konseye, wato kansila, a meri, majalisar gari, shi kuma ya riƙa tara musu jama'a. Ya amsa tun kafin shayin da aka dafa musu ya huce.

Inna, mahaifiyata, ta aiko aka kira ni ruga. Na same ta tana tatsa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ƙanena ya shiga abin da bai sani ba," in ji ta. "Ya ce ba shi cin abincin kowa a hanya, tsoron sammu yake. Ke za ki bi shi ki riƙa dafa mishi."

"Inna, matarsa fa?"

"Kin san ba ta fita."

"To ni shagona fa?"

"Shago ba shi gudu."

Haka na tsinci kaina a bayan mota kat-kat, tsakanin lasifika da buhun gero, da tukunya a kan cinyata. Ban taɓa yin yawo irin na wancan lokaci ba. Yau muna nan, gobe muna can, jibi a ce an sauya, a koma inda aka fito. Hanyoyin duk rairayi ne. Motar ta kan nutse, mu sauko, maza su tura, mu hau, ta sake nutsewa. Ko na samu wuri na shimfiɗa tabarma, jikina bai daina jin girgizar motar ba. Masu kayan da na karɓa kafin in taso suna ta kirana a waya, ina ba su haƙuri, ina cewa sati mai zuwa, alhali ni kaina ban san ranar komawa ba.

Duk garin da muka shiga, jama'a sukan fito. Ba don ɗan takarar depite na majalisar dokoki suke fitowa ba, wani ɗan boko ne mai ƙaramar murya wanda ya daɗe a Yamai. Kawu suke son gani. Yakan hau kan tebur da babbar rigarsa, ya ɗan taɓa gurmi, fili ya yi tsit. Sai ya fara, ya yi ta kawo baitoci, a ƙarshe ya saka sunan jam'iyyar inda a da yake saka sunan mai biki. Idan ya zo kan matan da suka bar ɗaki suka bi titi, maza su yi ta tafi, ni kuwa ina gefen mota ina hura wuta a bainar kowa. Wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in ji kamar in kife tukunyar in kama hanya.

Akwai abin da mu 'yan gida muka sani wanda ba a cika faɗa ba. Kawu bai fara da gurmi ba. Yana saurayi ya gudu ya bar shanun kakana, ya bi wani mai goge, ya yi shekaru yana kiɗa wa 'yan bori. Daga baya ya tuba, ya ajiye goge, ya je hajji. Tun daga nan bai yarda a tayar da zancen a gabansa ba.

A Dumega aka tayar da shi, ranar kasuwa, da hantsi. Kawu yana tsakiyar waƙa sai wani daga cikin 'yan ɗaya jam'iyyar ya ɗaga murya daga baya:

"Mai kiran doguwa! Yau kai ne mai yi muna wa'azi?"

Wasu suka fashe da dariya. Na ga wuyan Kawu ya kumbura. Ya ajiye gurmi, ya fizgi abin magana daga hannun ɗan takara.

"Na yi, kuma na tuba," ya ce. "Masu wannan aiki su ne sunka ɓata ƙasar nan. In Allah ya ba mu, ba mai ƙara kaɗa goge a garin ga!"

Aka yi kabbara, aka yi tafi. Kafin tafin ya lafa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tashi daga bakin faifanta. Ba ta yi sauri ba. Mutane suka riƙa buɗa mata hanya har ta iso gaban tebur, ta sa hannu ta kare rana, ta dube shi.

"Ɗan nan, ka gane ni?"

Kawu ya sunkuyo. "Na gane ki, Iya."

"Shekarar da ƙafafuna sunka mutu, wa ya zo gidanmu?"

"Allah ne ya tashe ki, Iya, ba ni ba."

"Na sani, Allah ne. Amma kai ne ka yini kana goge har yatsunka sunka fashe, ko goro ba ka amsa ba. Ka ce mini in tashi, uwa ba ta zama ƙasa. Ni wancan yaron na taso in gani. Kana ta kiran kakanni, kakanni. To ga ni, ni ce kakar. Ni ce na ɓata ƙasa?"

Wani daga cikin mutanen jam'iyya ya yi wa direba alama, aka saki kiɗa a lasifika da ƙarfi, ɗan takara ya karɓi abin magana ya shiga alkawarin rijiyoyi. Tsohuwar ta juya ta koma wurin daddawarta.

Mun bar garin kafin azahar, za mu Kore Mairuwa. Ba mu yi nisa ba Kawu ya buga rufin mota ya ce a tsaya. Ya sauko ya kama tafiya a ƙasa cikin karan gero, babbar rigarsa tana kamo ƙaya. Mutanen jam'iyya suka dube ni, ni ma na sauko na bi shi. Ya yi gaba, ya dawo, ya zauna gindin wata aduwa, ya sake tashi.

"Ɗiyata," ya ce, "ƙarya na faɗi?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Abin da na bari, na bar shi don tsoron Allah. Ko yau aka tambaye ni haka zan ce."

"To mi ya hana ka ce mata haka nan, ba tare da ka ce za ka hana su ba?"

Can ya ce, "Abin maganar nan ne. In ka riƙe shi, sai ka faɗi abin da za a tafa." Ya dube ni sama da ƙasa, da toka a zanena. "Ke ma haushina kike ji."

"Kana waƙar mata su zauna gida, ni ina bayan mota da tukunya."

"Ke daban ce."

Na ce masa duk matan da yake gani a kasuwa, kowace akwai wanda ya ce mata ita daban ce. Bai ji daɗin maganar ba, bai kuma janye ko baiti ɗaya ba. Da muka isa Kore Mairuwa ya yi waƙarsa kamar kullum, sai dai bai ƙara ambaton goge ba, a can ko a wani gari.

Ya ci kujerarsa. An yi guɗa a ruga, Inna ta raba nono. Amma zaman meri bai karɓe shi ba. Takardu da faransanci suke zuwa, sai an fassara masa, kafin ya gane inda aka dosa an wuce wurin. Ya kan fito tsakiyar taro ya zo shagona, ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya ce zai koma, ya fasa. Abin da ya fi cinsa shi ne bukukuwa. A da ba a ɗaurin aure ko suna na a zo a gani ba tare da an aika masa goro ba. Yanzu 'yan ɗaya ɓangaren suka daina kiransa, nasa ɓangaren kuma suka ce bai dace konseye ya riƙa waƙa a ƙofar gidan mutane ba.

Da mulki ya sauya aka rushe jam'iyyu, aka sallami 'yan majalisun meri, ya tattara ya koma ruga. Bara da rani na je na same shi a bakin rijiya yana taya 'ya'yan yayyensa shayar da shanu. Muna tsaye sai ga wani mutum a kan babur, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya gaishe shi. Ya ce ƙanwarsa za a aurar bayan salla, mahaifinsu ya ce lalle Kawu yake so ya zo ya yi waƙa.

"Ka dawo bayan kasuwa," in ji Kawu.

Da mutumin ya tafi, ya saki guga ya juyo gare ni.

"Gidan su wa ke nan? Wane ɓangare suke?"

"Kawu, ai yanzu babu ɓangare."

"Ke dai ki bincika mini."

Ya ɗauki igiya, ya ja rabi, ya miƙa wa wani, ya bi bayan wata saniya da ba ta je ko'ina ba.