Duman da Na Kife da Tukunya

Mu a gidanmu da damina aka fi hura wutar hira, kuma don sauro ake hura ta. Ƙauyenmu yana ƙasar Bagudo, tsakanin fadamar kogin Kwara da iyakar Benin, sauron fadama kuwa ba ya jin magana sai ta hayaƙi. Da an idar da magariba kakarmu za ta tara busasshen kashin shanu a bakin rumfarta, ta ɗora ɗanyen ganyen dogon yaro a kai, hayaƙi ya turnuƙe. Mu zauna muna tari muna sharar hawaye, amma ko da bulala ba mai tashi, domin a nan ake tatsuniya har a kira isha'i.

Kaka a ƙetaren iyaka aka haife ta, aure ya kawo ta wajenmu. Har ta koma ga Allah ba ta yarda ta ce Benin ba, Dahome take cewa, in kuma ranta ya ɓaci sai Hausar ta ƙare mata ta koma Dendanci. Sana'arta ludayi. Tana da wani irin duma mai dogon wuya, siriri, wanda ta zo da shi daga gidan mahaifiyarta a cikin kayan aure, kuma duk ƙauyen ba mai irinsa. Kowace shekara ta shuka shi a gindin danga, ya hau ya yi 'ya'ya, ta fafe, ta kankare, ta zana. Irin kuwa ta cuɗe shi da toka ta zuba a gora, ta toshe da tsumma ta rataye a rufin ɗaki.

Wajen wannan duman ta koya mana abin da tsiro ke bukata. Takan ce tsiro ɗa ne mai uwa huɗu: ƙasa ta goya shi, ruwa ya shayar da shi, iska ta yi masa wasa, rana ta yi masa tarbiyya. In aka raba shi da ɗaya, ya zama maraya ko da sauran ukun suna nan. Sai ta sa mu maimaita. Ni Rabi, lokacin ban wuce shekara tara ba, kafin ta rufe baki na zayyano su tsaf ina kallon kowa a ɗage. Yayata Kulu kuwa, da ta girme ni da shekara uku, kullum sai ta manta ɗaya. In ta tuna iska ta manta rana. Na sha yi mata dariya har in faɗi, ita kuma ba ta da baki, sai dai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da gyara igiyar awaki, domin ɗaurin awakin gidan da damina aikinta ne.

Wata shekara ɓeraye suka cinye tsumman gorar suka shiga suka yi biki. Da aka sauko da ita farkon damina, ƙwara uku kaɗai aka tsinta a cikin tokar. Kaka ta shuka su da bisimilla. Biyu suka ruɓe a ƙasa, ɗaya ya fito da ganye biyu kamar kunnuwan ɗan akuya. A makon ne aka aiko cewa ƙanenta, wanda shi kaɗai ya rage a gidansu na ƙetare, ya rasu. Tana ɗaure ƙunshin tafiya ta kira ni, ta kama hannuna ta kai ni gindin dangar.

"Rabi, ke ad da karatu," in ji ta. "Wanga ɗan tsiro shi kaɗai yar rage min na gidanmu. Ga amana nan har in komo."

Kaina ya kumbura. An tsallake babba an ba ni. Kwana biyu ina shawagi a wurin, na hana kaza sakat. Rana ta uku akuyar maƙwabta ta tsinke ta shigo, saura ƙiris ta kai masa baki na kore ta. Hankalina ya tashi. To a gidanmu duk abin da ake ji da shi kife shi ake yi. 'Yan tsaki a kife su da kwando saboda shaho, tuwon Baba a kife shi da akushi, nono a rufe da faifai. Sai na shiga ɗakin Kaka na ɗauko tsohuwar tukunyar da take jiƙa magani, na kifa a kan tsiron, na tura ƙasa na toshe gefenta don kada ko ƙadangare ya samu hanya. Wurin yana bayan rumbu, ba mai bi. Kullum da asuba in zuba ruwa a kewayen tukunyar in tafi makaranta ina jin ba wanda ya kai ni dabara. Uwayen nan huɗu da nake rerawa kamar aku, ko sau ɗaya ba su faɗo mini a rai ba.

Kwana tara ban ɗaga ba. Ranar da aka ce gobe Kaka na tafe, na dawo daga makaranta da azahar na ce bari in ga yadda ya yi girma. Na ɗaga tukunyar na dubi tsiron. Ya yi tsawo, ya naɗe a ciki, fari fat da ɗan rawaya, siriri kamar tsutsar ciki, ganyen sun ƙanƙance. Nan na tuna rana. Na ce to ga ta nan, ya sha iyakar shansa, na bar shi a buɗe a cikin wannan rana ta tsaka. Kafin la'asar ya kwanta a ƙasa ya yi laushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa.

Abin da na yi bayan haka shi ne abin da har yau ba na son tunawa. Na tumɓuke shi na cusa a juji. Na je na kwance ɗaya daga cikin awakinmu na kora ta bayan rumbu, sannan na ruga ina kuka na gaya wa Baba cewa Yaya Kulu ba ta ɗaure akuya da kyau ba, ga shi ta cinye duman Kaka. Baba mutum ne mai saurin hannu, kuma ya san abin da duman nan yake a wurin mahaifiyarsa. Da igiyar akuyar ya dake ta. Ina tsaye a bakin ɗaki ina ji. Ta yi ta rantsuwa cewa ɗauri biyu ta yi, ba wanda ya saurare ta. Ni kuwa saboda ruɗewa na manta tukunyar a wurin, amma da na koma da yamma ban same ta ba, na ga an mayar da ita ɗakin Kaka. Na ɗauka mahaifiyarmu ce ta kwashe ba tare da ta lura ba, na yi ajiyar zuciya.

Washegari Kaka ta dawo a gajiye, idanunta sun faɗa. Aka gaya mata. Ta tafi bayan rumbu ita kaɗai, ta daɗe. Da ta fito sai ta kira Kulu ɗakinta ta shafa mata man kaɗe a baya. Mun zaci ba za a yi hira ba a ranar, amma magariba na wucewa ta hura wutarta.

Ta ce ga ta nan, muka ce ta taho mu ji. Ta ce a zamanin da dabbobi ke noma tare, wata tsohuwa a bakin gulbi ta ba Kunkuru tsiro guda ta ce ya rene mata. Kunkuru ya so tsiron nan har ba ya barci. Shi kuwa tun da Allah ya yi shi bai san wata hanyar tsira ba sai ƙoƙon bayansa, don haka yana tausayin duk wanda ke yawo ba ƙoƙo. Ya je ya nemo ƙoƙon kakansa da ya mutu, ya kifa wa tsiron. Kullum ya kawo ruwa, kullum tsiron ya yi masa waƙa daga ciki. Kaka ta sassauta murya ta rera:

Kunkuru buɗe mani,
Ƙasa ta goya, ruwa ya ba ni,
Iska na ƙofa, rana na jira,
Kunkuru buɗe mani.

Kunkuru ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, ya ƙara danne ƙoƙon da dutse. Ranar da waƙar ta daina fitowa ya buɗe ya tarar da gawa. Tsoro ya kama shi, ya je ya ce wa dabbobi Gada ce ta cinye. Aka taru aka kori Gada da duka har daji, shi ya sa har gobe in ta ji motsin mutum take zabura. Kunkuru kuwa ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya tuhume shi. Amma tun daga ranar, duk wanda ya dube shi sai ya maƙe kansa cikin ƙoƙo.

Yara suka yi ta dariyar Kunkuru. Ni hayaƙin nan ya taimake ni, domin kowa idonsa na ruwa. Kaka ta tona wutar da ɗan kara, ba ta ko dubi inda nake ba, ta tambaya wa zai faɗi uwar da aka hana tsiron. Ni da kullum nake riga kowa, sai na sunkuyar da kai. Kulu ce, tana zaune a karkace saboda bayanta, ta ce a hankali, rana da iska. Ranar kaɗai na taɓa jin ta faɗe su daidai. Kaka ta ce ƙurunƙus kan kusu, ta ɗebo toka za ta rufe wutar, sai ta dakata.

"Da mai sauran magana kahin in ruhe wuta?"

 Na miƙe na kakkaɓe zanena na shige ɗaki. Daga ranar wannan tambayar ta zama al'adarta, kowace hira da ita take rufewa, har yara suka mai da ita abin wasa suna kwaikwayonta. Shekara huɗu bayan haka ta rasu. Kafin rasuwarta ta ci gaba da ludayi da duman da kowa ke shukawa, gajere mai kauri, amma ta daina zana su.

Yau ni malamar firamare ce a Bagudo, kuma Allah da ikonsa darasin tsirrai yana cikin abin da nake koyarwa. Kowace shekara sai mun shuka wake a gwangwanaye, wani a hana shi ruwa, wani a rufe shi da kwali. Ranar ɗaga kwali yara murna suke yi, ni kuwa in tsaya nesa in sa wani ya ɗaga. Na taɓa ƙetarawa har ƙauyen su Kaka ina cigiyar duma mai dogon wuya. Gidan ya zama gona. Wata tsohuwa ta ce ta san shi, amma tun da ludayin roba ya cika kasuwa ba ta ƙara ganin mai shuka shi ba.

Bara na je kasuwar Lolo na sami Yaya Kulu a rumfarta ta busasshen kifi. Jikoki gare ta yanzu. Na zauna ina taya ta korar ƙuda, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ina da maganar da na riƙe fiye da shekara talatin. Na faɗa mata duka, har kwance akuyar. Ban iya ɗaga kai ba.

Ta gama ƙulla wa wata mata kifi, ta goge hannu a zane, sannan ta ce ai ta sani. Ita ce ta mayar da tukunyar ɗaki a ranar, da ta je neman inda akuyar ta bi. Kaka ma ko ba a faɗa mata ba ta ga zoben bakin tukunya a ƙasa, kuma akuya ba ta cin tsiro har saiwa. Na tambaye ta me ya hana su tona ni, ga shi an dake ta a banza.

"Na so in hwaɗa ma Baba," in ji ta. "Kaka tac ce, 'Yi haƙuri Kulu. Yarinyar ga ta kihe kanta. In munka buɗe ta da tsakar rana, ƙonewa za ta yi kamar dumana. Bari mu riƙa ɗaga mata kaɗan kaɗan har ta hito da kanta.' To ke ba ki ji ta kullum tana tambayar mai sauran magana ba? Da wa kike tsammani take?"

Ta ce ita ta yafe tun tuni, har ta ƙara mini kifi a kan wanda na saya. Na hau mota zuwa Bagudo da ƙunshin a cinyata, ban san lokacin da muka iso ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin Kaka shi ne tsiro na son ƙasa da ruwa da iska da rana, kuma shi nake rubutawa a allo. Yanzu na gane ita ta san abin da ya fi haka. Ta san so kaɗai ba ya rayar da abu, ta kuma san abin da ya daɗe a rufe ba a yaye shi lokaci guda. Ni da nake taƙamar karatu na kasa yi wa tsironta ko ɗaya, ita kuwa ta yi mini duka biyun, alhali ni na kashe abu na ƙarshe da ya rage mata na gidan uwarta. Kulu na samu na roƙi gafararta. Kaka kuwa shekara huɗu tana riƙe da toka a hannu tana jirana, kuma kullum ni ce ta farkon tashi in kakkaɓe zanena.